Jan Irin da Baba Ya Yafe

Asabar, 1 ga Yuni, 2024

Na je Gidan Doguwa yau, na dawo da ciwon kai. Gonar masarar Baba ta zama kamar kan mai makero: nan tsiro, can fili, sai ka yi taku da yawa kafin ka sake ganin wani. An kusa sati biyu da shuka, ruwa kuma bai yi fashi ba. Na tona rami da yatsa, ga irin nan kwance da jan launinsa, ya kumbura ya ruɓe.

Ba Baba kaɗai ba ne. Duk wanda ya sayi Mai Goyo Biyu a ƙauyenmu haka gonarsa take. Shi ne irin da kamfani ya kawo da mota da lasifika kafin faɗuwar ruwa, Yaya Gabriel na ƙauyen da ke gabanmu yana ta zuba: wai kowane kara goyo biyu, wai jan da aka shafa masa magani ne, gara ba ta ci, tsuntsu ba ya tonawa. Nan kam bai yi ƙarya ba, ko tsuntsu ɗaya bai taɓa shi ba. Tsuntsu ya fi mu hankali.

Abin da ya tsaya mini a rai, namu irin na gado, wanda Inna ke ratayewa saman murhu tun kaka, Baba ya sa an niƙa. Ga tsadar bana, kuma me za a yi da tsoho tunda ga ingantacce a leda? Mun cinye shi tuwo a Afrilu, har da ni, har da ƙari.

Baba bai yi dogon zance ba. Ya ce, “Bege, ƙila ƙasa ce ta ƙi.” Bege yake kirana, ya ce Hope ba ya zama masa a baki.

Ƙasar da ta ciyar da kakanninmu, wai bana ta ga dama ta ƙi. In ba a sake shuka ba kafin lokaci ya wuce, babu tuwo a gidanmu wannan shekarar. Na rubuta ne don in gan shi da idona.

Litinin, 3 ga Yuni

Na zuba ragowar irin a gwangwanayen madara tare da ’yan ajina, mun jera a taga. Su a wurinsu darasin kimiyya ne. Hedimasta har ya yaba mini. Ban faɗa masa shaida nake haɗawa ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Bayan an tashi daga makaranta na hau keke napep daga Samaru zuwa Sabon Gari, shagon Amaechi mai maganin feshi. A wurinsa mutanenmu suka ƙaro irin da na mota ya ƙare. Tun daga Kwangila nake shirya abin da zan faɗa masa, har na tanadi na Turanci ko da na Hausa bai ishe shi ba.

Na tarar da shi da kumburarren leɓe. Wasu manoma sun riga ni zuwa jiya.

“Malama, ki zauna mana. Ni ma an cuce ni. Na wetin dem give me I sell.” Ya ce abin da aka ba shi ya sayar, bai rina ko ƙwaya ɗaya ba. Ya kira kamfani, ba a ɗauka. Ya kira Gabriel, layi a kashe. Matarsa Clementina ta miƙo mini ruwan leda mai sanyi, sai duk masifar da na ƙunso ta rasa inda za ta sauka.

Amma na ga ledojin jere a kanta, na ce masa, “To me waɗannan suke yi a nan har yanzu?” Ya sosa ƙeya. Ya sauke su a gabana, ya tura ƙarƙashin benci. Ban yi rantsuwar ba su koma sama ba kafin in kai bakin titi.

Talata, 11 ga Yuni

Gwangwanaye: biyu-uku sun tsiro, sauran ƙasa ce da wari.

Alhamis, 13 ga Yuni

Wata malama abokiyar aikina ta haɗa ni da Barista Mojisola. Ofishinta na nan Samaru, saman wani kemis, tana aiki da wata ƙungiya mai bin haƙƙin masu saye. Bayarabiya ce haihuwar Sabon Gari, Hausarta ta fi ta wasu ’yan ajina. Ba ta da tsawo, ba ta kuma da wasa.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce kotu ba za ta yi mana ba, kafin a kira shari’a an yi girbi. Abin da zai yiwu shi ne a sa hukuma ta kira kamfanin zaman sulhu cikin gaggawa, a tilasta musu abu biyu: su ba manoma iri na gaskiya mai saurin nuna, su kuma janye wancan daga kasuwa. Na ce to a yi. Ta ce, “Ke ba ki saya ba, ba ki shuka ba. Waɗanda suka shuka su za su zo su faɗa da bakinsu.”

Na ce mutanenmu ba su saba hawa bene su yi magana ba. Ta ce, “Shi ya sa ake sayar musu da rini.”

Na ji haushin maganar har na sauko. A kan keke na gane haushin na gaskiya ne.

Lahadi, 16 ga Yuni

Hutun Sallah ya zo mini daidai, ina gida. Bayan sujada a coci na roƙi maza su tsaya a gindin ɗorawa. Na yi bayani, na sake yi. Kowa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Daga ƙarshe wani ya faɗi abin da na san za a faɗa: “In Ɗanjuma ya je, mu ma mu je.” Baba ke nan, shi ne babba a cikinsu, shi ne kuma shugaban ƙungiyar manoma, ba mai ɗaga ƙafa kafin shi.

Da yamma muka zauna ni da shi a zaure. Ya ce, “Tun da uwata ta haife ni ban taɓa kai ɗan’adam ƙara ba.”

Na ce, “Baba, kamfani ba ɗan’adam ba ne.”

“To wa zan kalla in yi maganar?”

Na ce masa dai ya kalli bango in ya so, muddin ya faɗi abin da ya shuka da abin da ya fito. Na ce ba don mu kaɗai ba, akwai gwauruwar nan ta bayan coci da ta zuba gonarta kaf. Ya ce masara in ta wuce makon farko na Yuli wasa ce ake yi, ba noma ba. Sannan ya ce, “Sai ki wanke mini farar rigar nan.”

Na wanke ta da kaina, har da bula.

Laraba, 19 ga Yuni

An sa rana: Alhamis ta sama. Barista ta ce kamfani ya karɓi kira. Na dafa taliya da kifi, na ci ni kaɗai a ɗakina na Palladan kamar mai biki. Na daɗe ban ji yunwa irin ta mai lafiya ba.

Asabar, 22 ga Yuni

Gabriel ya kira ni. Layin da ke kashe tun farkon wata yau ya samu lafiya. “Ƙanwata, ashe har ta kai mu ga haka? Ai da kin neme ni.” Na ce na neme ka. Ya ce yana hanya ne, ya sha wahala, shi ma ɗan aike ne. Na ce mu haɗu ranar Alhamis. Ya yi dariya ya ce a gaida Baba.

Ruwa ba ya tsami banza. Na so in tafi gida gobe, amma mu ke da waƙa a coci.

Litinin, 24 ga Yuni

Inna ta kira da wayar maƙwabta ina cikin aji. Ta ce jiya sun yi baƙi, an gama magana lafiya, in daina wahalar da kaina. Na ce wace magana? Kuɗin wayar ya ƙare.

Talata, 25 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba. Na taho gida yau.

Ga yadda Inna ta ba ni labari. Ana fitowa daga sujada sai ga Gabriel, ba da motar kamfani ba, a kan babur, goye da kawunsa, tsohon da suka yi farauta da Baba tun suna samari. Wata a-kori-kura na biye da su da buhunan taki da kiret na lemo. A ƙofar gidanmu Gabriel ya tuɓe takalmi, ya cire hula, ya zube gwiwa biyu a cikin taɓo, gaban Fasto, gaban kowa. Ya kama ƙafar Baba. Wai har da hawaye. Ya ce, “Baba, ni ɗanka ne. Abin da ya faru ya faru. Mun zo ban haƙuri, a yafe mana.”

Kawun ya ƙara da cewa yaro ya yi kuskure ba a yanke masa hannu. Mata suka fara “wayyo”. Baba ya ɗora hannu a kansa ya ce, “Tashi. Na yafe, duniya da lahira.” Sauran suka bi baki. Aka sha lemo. Wani da ya zo tare da su yana gefe yana ɗauka da waya.

Na sami Baba a gona yana cire ciyawa a kunyoyin da babu komai a kansu. Na ce, “Baba, me ka yafe?”

Ya ce, “Abin da aka roƙa.”

“Me aka roƙa? Ya ce irin jabu ne? Ya ce su suka rina? Ya ce za su canza?”

“Bege, mutum ya durƙusa maka a taɓo, sai ka tsaya kana tambayarsa lissafi?”

Na ce ba Gabriel ne ya cuce mu ba, masu aikensa ne, su kuma ba su durƙusa wa kowa ba, suna can cikin sanyin ofis. Na ce ranar Alhamis fa? Ya miƙe ya dube ni yadda bai taɓa ba. “Da wane bakin? Wanda na yafe da shi shekaranjiya, gaban Fasto? Magana zarar bunu ce. So kike a ce Ɗanjuma ya tsufa ya koma cin amansa?”

Na ce masa to ya ci mutunci da miya tunda babu tuwo. Na faɗa. Ya sunkuya ya ci gaba da cire ciyawarsa.

Buhun takin na jingine a zaure. Taki, a gonar da ba shuka. Wanda ya tsara wannan ya san mu ciki da bai. Baba ya nemi fuskar da zai kalla, suka aiko masa da wadda ba zai iya ƙi ba.

Laraba, 26 ga Yuni

Na bi gida-gida kafin in taho. Kowa amsa ɗaya: “Ai an yafe, Malama.” Gwauruwar nan ta riƙe hannuna ta ce ita ba ta ce komai ba ranar, amma ba za ta zama ita kaɗai mace a gaban hukuma ba, maza na gida. Ban ga laifinta ba. Na ga laifinta kaɗan.

Alhamis, 27 ga Yuni

Na je ni da gwangwanayena a cikin kwali. Dogon benci da aka tanadar wa manoma, ni kaɗai a kai. Can sai ga Amaechi ya shigo da guntun buhun jan irin a kafaɗa, ya rufe shago ya zo. Ban zata ba. Ya zauna kusa da ni ya ce, “Ina mutanenki?” Na ce suna gona.

Barista ta yi iya yinta. Lauyan kamfani bai ko ɗaga murya ba. Ya ce suna tausaya wa manoma bisa abin da yanayi ya jawo, kuma an riga an sasanta a gargajiyance. Ya kunna waya. Sai ga muryar Baba ta cika ɗakin: “Na yafe, duniya da lahira.” Ga shi nan cikin farar rigar da na wanke.

Mai jagorantar zaman mutumin kirki ne, na ga ransa bai so ba. Ya tambaya ko akwai manomi ɗaya, ɗaya tak, da zai ce bai yarda da sulhun ba. Na ɗaga hannu. Ya ce, “Kin shuka?” Na nuna gwangwanaye. Wani ya yi dariya a baya.

Za a aika irin gwaji, a sake zama in sakamako ya fito. Barista ta ce wannan ma wani abu ne. Na ce yaushe? Ta ce ƙila Satumba.

Amaechi ya biya mini kuɗin keke. A nan ne na yi kukan, ba a ciki ba.

Asabar, 6 ga Yuli

Baba ya samo ’yar tiyar iri wurin wani abokinsa Bafulatani, ya cike abin da ya iya. Sauran gonar wake za a zuba. Mun gaisa, ya tambayi makaranta, na tambayi ƙafarsa. Ba wanda ya taɓo zancen. Ban ba shi haƙuri kan maganar miya ba, don na san abin da zai ce, kuma ba na son in ji kalmar nan daga bakinsa.

Lahadi, 28 ga Yuli

Wa’azin yau kan gafara. Na fita kafin a gama.

Juma’a, 13 ga Satumba

Sakamako ya fito. Hatsin kasuwa ne tsohon ajiya, aka rina. Abin da tsuntsu ya sani tun Mayu.

Kamfani ya ce ba nasu ba ne, wasu ɓata-gari ne suka kwaikwayi ledarsu, su ma ƙara za su shigar. Motarsu fa, da lasifikarsu? Wai ta haya ce. Barista ta ce za a ci gaba, amma ana buƙatar masu shaida. Na ce zan gwada. Ban gwada ba tukuna.

Asabar, 19 ga Oktoba

Girbi. Jaki ɗaya ya kwaso masarar gidanmu, bai ko yi nishi ba. Inna ta zaɓi ’yan goyo masu kyau ta rataye saman murhu, ta ce ko za a mutu ba mai taɓa su.

Baba ya rame. Ya daina zama gindin ɗorawa da yamma. Inna ta ce ba ya son a gan shi yana auno hatsi a kasuwa, sai ya aiki wani. Manomi da cin awo! Na kai musu abin da albashina ya iya ɗauka. Ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka, idonsa na wani wuri.

Na so ya ce, ko sau ɗaya, “Bege, da na sani.” Da ya faɗa ban san me zan yi da ita ba.

Talata, 3 ga Disamba

Barista ta kira sau biyu. Ina makin jarrabawa.

Alhamis, 26 ga Disamba

Kirsimeti ba nama, an sayar da akuyar tun Nuwamba. Gabriel ya aiko wa Baba da shadda da ’yar shinkafa, kamar yadda ɗa ke yi wa uba. Na ce a mayar. Inna ta ce, “Ke kin ƙoshi ne.” An dafa shinkafar. Na ci.

Laraba, 19 ga Fabrairu, 2025

Na bi ta shagon Amaechi. Ya daina sayar da iri sam, yanzu bokitai da robobi ne. Ya ce, “Malama, roba ba ta ƙin tsira.” Mun yi dariya. Ya tambayi shari’a, na ce tana nan. Ban ma san ko tana nan ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Na shiga kasuwar Sabon Gari sayen takalmin makaranta. Rana kamar ta fasa kai. A bakin tasha na ji lasifika, ban ko juya ba na gane muryar. Sabuwar mota, sabuwar leda koriya, sunan ma sabo: Cika Rumbu. Mutane sun yi dafifi.

Ya hango ni. “Ƙanwata! Ina Baba?” Na ce yana lafiya. Na ce yana gaishe ka. Haka kawai ta fito.

Ina ƙoƙarin ratsawa wata tsohuwa ta kamo mini gefen zani. Daga ganin tsagen fuskarta ta wajenmu ce, kuɗinta ƙulle a bakin gyale, leda ɗaya a hannu. Ta ce, “’Yata, ke mai boko ne, duba mini abin da aka rubuta a nan.”

Na karɓa. Na karanta mata tiryan-tiryan: ingantaccen iri, mai jure fari, mai saurin nuna, an gwada an tabbatar. Na mayar mata da Hausa yadda za ta gane. Ta sa mini albarka, ta fara kwance bakin gyalenta.

Na samu takalmin, baƙi, da ɗan sauƙi. Keke ya yi wuyar samu a dawowa.

Wa ya sani, ƙila na bana mai kyau ne. Kuma karatu ta ce in yi mata, karatu na yi. Ba ta tambaye ni ko yana tsira ba.